Abin da Gamba Ta Riƙe

A dajin Wawa, inda burtali ya yi faɗi har ya rasa gefe,
na durƙusa da almakashi da robar ƙanƙara.
Baffa Yero na tsaye a kaina, sanda a wuya,
yana dariyar 'yar da ta yi digiri don ta yi wa ciyawa aski.
"Me za ta gaya miki? Gamba ce.
A ci, ta tsiro. A ci, ta tsiro."

Ganye goma na yanko cikin shingen waya
inda damina uku kofato bai taka ba,
goma daga waje, inda ƙasa ta yi sanƙo.
Na kai su Gombe a motar haya, a kan cinyata.
Na niƙa su har suka zama koren ruwa.
Kwana biyu na'ura tana karatu.

Ga abin da ta karanto.

Harshe ya naɗe ganye, haƙori ya tsinke,
kafin saniya ta haɗiye
wani sinadari ya fita daga bakin raunin,
ƙwayar halitta na raɗa wa maƙwabciyarta
yadda ake kai labarin rasuwa gida-gida,
har ya sauka a saiwa.
Cikin littafin gado da kowace ƙwaya ke ɗauke da kwafinsa
aka buɗe wasu shafuka, aka naɗe wasu.
Shafin tsawo, a rufe.
Shafin fure da iri, sai baɗi in da rai.
Zaƙin da ganye ya dafa da hasken rana
a kwashe, a kai rumbun ƙasa inda baki ba ya isa.
A tsotso garin yashi a jera cikin ganye
ya ci haƙorin mai ci.
A kwanta. Idon tsiro ya manne da ƙasa.

Ba ta da ƙafar gudu, ba ta da ƙaho.
Dabararta ke nan, tana kuma fitar da ita
idan an bar mata hutu tsakanin baki da baki.

Amma bana garke bakwai suka sauka kan rijiya ɗaya,
gonaki sun cinye hanyar kudu.
Cizo kan cizo. Rumbu ya yi ƙasa,
saiwa ta gajarta ta daina bin ruwa,
ƙarangiya da tafasa suka shigo rabon gado.

Wanda ya hana ni barci daban ne.
Na ɓallo guntun ta waje na dasa a tukunya,
taki, ruwa safe da yamma,
ba saniya, ba akuya, ko fara babu.
Ta ƙi tashi.
Ta cikin shinge ta wuce kafaɗata,
ita ko gwiwa ba ta kai ba.
Shafukan da ta naɗe ta yi musu alama,
ƙananan ƙulli a jikin zaren gado,
'ya'yan da ta fitar ta gefe da ƙullin suka fito.
Ba su taɓa jin numfashin saniya ba
amma sun iya sunkuyawa.

Na kai wa Baffa tukunyar bayan la'asar,
yana ɗaure maruƙa a dangwali.
Bai yi dariya ba.
Shi da bushiya ta kwashe wa shanu sittin tun ba a haife ni ba,
har yau ba ya ƙirga dukiyarsa da murya,
mu ma da ya raina, ƙasa-ƙasa muke murna.

Ya daɗe yana dubanta.
"Shekara nawa kafin ta manta?"
Na ce ban sani ba, na'urar ba ta kai nan ba.

Ya sauke sanda daga wuya
ya nuna filin gabas da rijiya.
"Wancan, bana ba za mu shiga ba.
Ki zo da wayarki. Arɗo kuma, ki bar ni da shi."

Da asuba na ji ya kora garke ta doguwar hanya,
ta kan duwatsu,
maruƙa na kuka a baya.